Gyaran farfajiya a Abuja: Ina rassa da ɓaraguzai ke zuwa?

Tun daga shekarar 2005, lokacin da gwamnatin tarayya ta fara sayar wa ma'aikata gidajen da suke ciki, mutane da dama a Garki da Wuse suka tashi daga mazauna suka koma masu gida. Mai gida kuwa ba ya jimawa sai hankalinsa ya koma kan farfajiya: a rage rassan mangwaro, a tuge tsohuwar ciyawa, a fasa daɓen siminti a shimfiɗa intalok. Akan yi lissafin kuɗin lebura da na furanni, amma da wuya a tuna da tsibin da aikin zai bari a bakin ƙofa.

Motocin 'yan kwangilar Hukumar Kare Muhalli ta Abuja, wato AEPB, an tanade su ne domin sharar gida da ke cikin mazubi, ba domin kututture da ɓaraguzai ba. Daga nan sai mutum ya karkata ga ashana ko ga baban bola.

Ƙona shara a fili ya saɓa wa ƙa'idojin muhalli na ƙasa na 2011, waɗanda hukumar NESREA ke kula da su. Ko ba doka, ɗanyen ganye ba ya ci da wuta sosai, sai dai ya yini yana turnuƙewa, kuma a lokacin hunturu hayaƙin kan haɗu da ƙura ya faɗa ɗakin maƙwabci mai ciwon asma. Shi kuwa baban bola, babu yadda za a yi ya tura kurarsa har babban jujin Gosa. Kwari mafi kusa zai nufa. Ruwan farko na damina ya kwashi rassan ya cusa a bakin kwalbati, leda da robobi su maƙale a jikinsu, ruwa ya nemi wata hanya. Mazauna Lugbe da Lokogoma ba sa bukatar a yi musu bayanin ambaliya.

Abin da ya fi sauƙi shi ne a rarraba tsibin tun ranar farko, domin yawancinsa ba shara ba ne. Busasshen ganye kamar kashi biyu, ɗanyar ciyawa kashi ɗaya, a jera su hawa-hawa a wani lungu, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa duk mako biyu: cikin wata uku ya zama taki, irin wanda masu sayar da furanni a bakin titi ke ɗura wa buhu su sayar wa mai gidan nan. Sai dai tofa, da duk ciyawar da ta riga ta yi iri, a shanya su daban har su mutu, in ba haka ba sun dawo cikin furannin.

Manyan rassa kuma, masu tsire da masu tuyar ƙosai za su ɗauka da godiya, ban da katakon da aka yi wa fenti, don hayaƙinsa guba ne. Ɓaraguzan siminti na da amfani wajen cikon gini. Abin da ya rage, a yi jingar mota, kuma a ji inda direba zai juye kafin a biya shi.

Bishiyar da ke bakin titi kuwa ba ta mai gida ba ce, ko da inuwarta na cikin gidansa. Sai da izinin Sashen Kula da Lambuna da Wuraren Shaƙatawa na birnin tarayya ake ɗora mata gatari.