Abdalla Uba Adamu

Abdalla Uba Adamu (an haife shi a ranar 25 ga watan Afrilu, 1956, a unguwar Daneji da ke birnin Kano) malamin jami'a ne kuma manazarci ɗan Najeriya. Ya yi fice a fannin koyar da kimiyya da tsara manhaja, da kuma shigar da kwamfuta cikin harkar koyarwa. Jami'ar Bayero ta Kano ta ba shi matsayin farfesa har sau biyu: a fannin ilimin koyar da kimiyya a shekarar 1997, sannan a fannin sadarwa da al'adu a shekarar 2012. Ya shugabanci Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya, wadda aka fi sani da NOUN, daga 2016 zuwa 2021.

Karatu

Ya sami digirinsa na farko a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya a shekarar 1979, ya kuma fara koyarwa a sashen ilimi na Jami'ar Bayero a 1980. Daga baya ya tafi Ingila, inda ya yi digiri na biyu a Jami'ar Landan, da digirin digirgir a Jami'ar Sussex a shekarar 1988.

Bincike kan koyarwa

Kundin digirinsa na uku ya yi nazari ne kan makarantun sakandaren kimiyya da Jihar Kano ta fara buɗewa a shekarar 1977 a Dawakin Tofa da Dawakin Kudu. An kafa makarantun ne domin jihar ta samu likitoci da injiniyoyi daga cikin 'ya'yanta, shi kuma ya bibiyi shekaru goma na farko na shirin don ganin ko ana cimma wannan buri. A shekarar 1994 ya wallafa littafi a Amurka kan sauye-sauyen da aka yi wa manhajar jami'o'in Najeriya tsakanin 1960 da 1992, musamman komawa daga tsarin karatu irin na Ingila zuwa tsarin kwas-kwas irin na Amurka. Ya shafe shekaru masu yawa yana horar da ɗaliban da ke shirin zama malaman sakandare.

Haruffa masu lanƙwasa

Aikinsa da ya fi shafar masu koyar da Hausa shi ne wanda ya yi a tsakiyar shekarun 1990. A lokacin manhajojin rubutu na kwamfuta ba su da haruffan ɓ, ɗ da ƙ, haka ma manyansu Ɓ, Ɗ da Ƙ. Mai buga takarda yakan rubuta b, d ko k, bayan an fitar da takardar sai a bi da biro ana sa lanƙwasa ɗaya bayan ɗaya, ko kuma a bar ta haka nan.

Wannan ba ƙaramar matsala ba ce, domin lanƙwasar ba ado ba ce. Kowane ɗaya daga cikin haruffan yana wakiltar sauti ne mai zaman kansa, kuma sauya shi yana sauya ma'anar kalma. Akwai bambanci tsakanin baki da baƙi, da kafa da ƙafa, da kare da ƙare. Bahaushe babba yakan gane abin da ake nufi daga sauran jimlar, amma yaron da ke koyon karatu a aji biyu, ko wanda Hausa ba harshensa na gado ba ne, ba shi da wannan dama. Malamin da ya raba takardar jarrabawa babu lanƙwasa kuwa, ya rushe ƙa'idar da ya koyar a allo da hannunsa.

Adamu ya ƙirƙiri salon haruffan kwamfuta masu ɗauke da waɗannan baƙaƙe, waɗanda aka sani da sunayen Rabi'at da Abdalla, marubuta da masu buga littattafan Hausa suka yi ta amfani da su. Suna da rauni guda: dole sai an saka su a kowace kwamfuta. Idan aka buɗe rubutun a wata na'urar da ba ta da su, sai wasu alamomi daban su fito a gurbin haruffan. Yaɗuwar tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin, shi ya kawar da matsalar. Duk da haka, har yanzu da yawan masu rubuta Hausa a waya ba sa sa lanƙwasa, ko da allon rubutun nasu yana da ita.

Shugabancin NOUN

An kafa NOUN a shekarar 1983 a zamanin Shehu Shagari. Gwamnatin soja ta Muhammadu Buhari, ɗan asalin Daura, ta dakatar da ita a 1984, sai a farkon shekarun 2000 gwamnatin Obasanjo ta farfaɗo da ita. Buharin ne kuma, bayan ya dawo a matsayin zaɓaɓɓen shugaban ƙasa, ya naɗa Adamu ya shugabance ta a watan Fabrairun 2016.

A zamaninsa hedikwatar jami'ar ta tashi daga Legas ta koma Abuja, aka kuma yafe wa fursunoni kuɗin karatu. A shekarar 2019 aka buɗe cibiyar ACETEL a jami'ar da tallafin Bankin Duniya, domin bincike da horarwa kan koyo ta hanyar fasahar zamani. Farfesa Olufemi Peters ne ya gaje shi a 2021.

Tsarin karatu daga nesa ya fi amfanar malaman da suka riga suka kama aiki. Takardar NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya, kuma a masarautar Daura ana iya samun ta a Kwalejin Yusufu Bala Usman. Malamin firamare a Baure, Zango, Sandamu ko Mai'aduwa da ke son ƙarin digiri a kan NCE ɗinsa yana iya sauke littattafan kwas kyauta daga shafin jami'ar, ya yi gwaje-gwajensa ta intanet, ba tare da ya bar ajinsa ba. Sai dai yana buƙatar wuta da kuɗin data, sannan dole ya je cibiyar karatu idan lokacin jarrabawa ya yi.

Sauran ayyuka

Daga ƙarshen shekarun 1990 hankalinsa ya karkata ga adabin Hausa na zamani, da finafinan Kannywood, da tasirin finafinan Indiya a kansu. A wannan fanni ne ya sami farfesancinsa na biyu.