Ba a Daɓe Ranar Kai Amarya

Duk matar da ta taɓa shiga gayyar daɓe a Tsanyawa ta san ba a yin sa ranar kai amarya. Ana zuba ƙasa da tsakuwa, a yayyafa ruwa, mata su durƙusa da madaɓai su yi ta duka har ta kwanta, a bi da ruwan makuba, sannan a ja ƙofa a bar shi ya sha iska. Kwana biyu sai a ga ya ɗan tsattsage, a koma a sake bi ta kai. Wadda ta yi gaggawar sa gado a kan ɗanyen daɓe, ƙafar gadon ce za ta ba ta labari. Siminti ya kori yawancin aikin nan yanzu, amma ni da shi nake fahimtar abin da ya sami ƴar gwaggona shekarar da ta je aikin Hajji.

Saura kwana huɗu a kira su sansanin alhazai a Kano, ta ƙirga da yatsu ta ga al'adarta za ta faɗa daidai kwanakin Mina da Arfa. Wata maƙwabciya ta ce ai abu ne mai sauƙi. Aka aiki yaro kemis ya sayo katin ƙwayar tazarar haihuwa, ta fara sha a daren, ita da ba ta taɓa sa irinta a baki ba. A Madina lafiya lau. Suna isa Makka sai ɗigo ya fara, yau ya zo, gobe ya ɗauke, jibi ya dawo. Ta kira ni murya na rawa: "Yaya, ni ba mai jini ba, ni ba mai tsarki ba. Wanka nawa zan yi?" A mazhabarmu ta Malikiyya kuwa ko ɗigo ɗaya haila ne a babin ibada, ga Ɗawafin Ifala rukuni ne, Hajji ba ya cika sai da shi.

Mahaifa tamkar ɗakin baƙo ce. Kowane wata jiki yakan yi mata sabon yaɓe yana jiran ciki. Akwai wani sinadari da ke riƙe da yaɓen, kamar gwafar da ake tokare katanga da ita da damina. In baƙo bai zo ba, sinadarin ya ja baya, yaɓen ya zube, shi ne jinin al'ada. Ƙwayoyin nan gwafa ce ta aro. Katin da aka fi sani yana da ƙwaya 28: guda 21 masu magani, sai 7 masu launi daban da babu sinadarin a cikinsu. A waɗannan bakwai ɗin ne ake zare gwafa, jini ya sauka. Matar da ta saba da katin, in ta tsallake bakwai ɗin ta buɗe sabo kai tsaye, galibi watan zai wuce ba ta ga komai ba. Su kuma masu cewa jinin taruwa yake yi a ciki kamar ruwan da aka datse, har ya ruɓe, su kwantar da hankali: ƙwayar sa yaɓen take yi ya zama siriri tun farko, babu wani abin da ke taruwa.

Sai dai jiki ba ya karɓar sabon abu a dare ɗaya. Watanni uku na farkon shan ƙwayar su ne lokacin tsattsagewar daɓe, lokacin da ɗigo ya fi zuwa ba sallama. A tsakiyar wannan lokacin ƴar gwaggona ta sa gadonta.

Akwai wata ƙwayar daban, norethisterone, wadda mata suka fi sani da sunan Primolut N. Likita kan rubuta miligiram 5 sau uku a rana, a fara saura kwana uku al'ada ta zo, in an daina jini ya sauka cikin kwana biyu zuwa uku. Tokare ne na ɗan lokaci, kamar mako biyu, alhali maniyyacinmu yakan yi wata guda ko fiye a Saudiyya. Don haka sai an zauna da kalanda an zaɓi kwanakin da suka fi muhimmanci, wato 8 zuwa 13 ga Zulhajji da ɗawafin da ke biye, a kare su. Kuma a wannan shan ba ta hana ɗaukar ciki. A faɗa wa maigida ma ya sani.

Bayan na ƴar gwaggona, kuskure na biyu ya fi ba ni tausayi, na matar da ta daɗe a kan ƙwayarta lafiya, sai ta ajiye ta ana saura wata biyu tafiya wai jiki ya huta. Jini zai zo cikin kwanaki kaɗan, amma na gaba ba a san ranarsa ba, don al'ada kan ɗauki ƴan watanni kafin ta koma kan lissafi. Ciki kuwa zai iya shiga a watan farko. Hukumar alhazai na yi wa mata gwajin ciki kafin tashi, mai juna biyu ba ta hawa jirgi. A sayar da shanu da buhunan gyaɗa a biya kujera, sannan a rasa ta a kan kati ɗaya!

Ba kowace katanga ce ke ɗaukar tokare ba. Mai hawan jini, da mai ciwon kai na ɓari ɗaya da ke zuwa da walƙiya a ido, da wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya, da mai sabon jego, ƙwaya mai sinadari biyu, wato irin ta katin 21 da 7 ɗin nan, na iya zame musu haɗari. Zaman jirgi daga filin Malam Aminu Kano zuwa Jidda ya haura awa huɗu, ga zafi ga ƙarancin shan ruwa, duk suna ƙara yiwuwar daskarewar jini a ƙafa. Yaron kemis ba zai auna miki jini ba. Ki tuna kuma agogon Saudiyya ya riga namu da awa biyu: mai sha ƙarfe tara na dare a gida, sha ɗaya ne a can. Mai ƙaramar ƙwayar masu shayarwa ta fi kowa bukatar kiyaye wannan, don jinkirin da ya wuce awa uku yana rage mata ƙarfi. Katin ya zauna a ƙaramar jakar wuya, kada ya shiga babbar jakar da za a auna.

Malamai da dama sun halatta shan maganin matuƙar ba zai cutar ba, amma ba wanda ya ce dole ne. Nana A'isha ta ga al'ada a hanyar Hajjin Bankwana, Annabi (SAW) ya umarce ta ta yi duk abin da alhaji ke yi ban da ɗawafi har sai ta yi tsarki. Ɗawafin bankwana ma an ɗauke wa mai haila. Ƴar gwaggona ta samu tsarki saura kwana biyar su taso, ta yi Ifalarta tana kuka.

Hajiyoyin bana, wadda duk ta biya kujera ta fara rubuta ranakun al'adarta tun yau, ta je asibiti sashen tazarar haihuwa saura wata uku ko huɗu, a auna jininta, ta ɗauki katin da take sha a hannu ta nuna. Malaman bita kuma, don Allah ku ware wa mata zama ɗaya su kaɗai, da malama da ma'aikaciyar lafiya, tun kafin watan Shawwal ya kama.