Lissafin Tsoro: Daga Allon Ludo Zuwa Wasan Dodanni

Duk wanda ya taɓa tsayawa kan samari masu buga ludo a Wurno, ko a tasha ko a rumfar mai shayi bayan la'asar, ya san wannan magana: "Shida ta kusa!" Mai faɗinta ya jima yana kaɗa gwangwani, 'ya'yansa huɗu na kulle a gida, abokan wasa sun yi masa nisa. A ganinsa, tunda shida ta daɗe ba ta leƙo ba, lalle tana bakin ƙofa. Ni malamin lissafi ne, kuma maganar nan tana sosa mini rai, domin dayis bai san abin da ya bayar ɗazu ba, balle ya rama wa wani.

Dayis ɗaya fuska shida gare shi. Mu a nan da guda biyu muke bugawa, don haka hanyoyin da za su iya faɗuwa 6 sau 6 ne, wato 36. A cikinsu, waɗanda babu shida ko ɗaya 5 sau 5 ne, 25 ke nan. Saura 11. Ashe damar fitar da ɗa a kowane jifa 11 ce cikin 36, kusan kashi 31 cikin 100. A yi jifa uku a jere babu shida kuwa, abu ne da ke samun mutum ɗaya cikin uku. Jifa biyar a jere, kusan kashi 16 cikin 100. Ba sammu ba ne, ba kuma bakin wani ba. Jifan da zai biyo baya yana nan a 11 cikin 36, ko an yi kuka ko an yi dariya.

Ludo jikan wani wasan Indiya ne mai suna pachisi, wanda ake jefa wuri a cikinsa, irin wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi, kafin a yi wa ludo rajista a Ingila a 1896. Lissafin sa'a kuma wurin 'yan caca ya samo tushe. A 1654 wani ɗan caca a Faransa, Chevalier de Méré, ya kai wa Blaise Pascal tambayoyinsa, Pascal ya shiga musayar wasiƙu da Pierre de Fermat. Ɗaya daga cikin matsalolin da ake jingina wa de Méré ita ce: samun shida a jifa 4 da dayis ɗaya ya ɗan haura rabi, kashi 51.8, amma samun shida biyu tare a jifa 24 bai kai rabi ba, kashi 49.1. Wannan 'yar tazara ta isa ta tsiyata mutum a hankali. Na san malamanmu da yawa ba sa son wasan dayis ko babu kuɗi a ciki, caca kuwa haramcinta ba abin musu ba ne. Ba tallar wasa nake yi ba, lissafin nake bi.

Wani tsohon ɗalibina da ke karatu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya zo hutu, ya miƙo mini wayarsa. "Malam, ga wasan da zai yi maka daɗi, duk lissafi ne, sai dai akwai dodo a ciki." Sunan wasan Call of Cthulhu. Kamfanin Chaosium na Amurka ya fitar da shi a 1981, Sandy Petersen ya tsara shi bisa labaran ban tsoro na H. P. Lovecraft. Babu allo, babu 'ya'ya. Mutane ne ke zama a kewaye da tebur, ɗaya yana jan labari kamar mai tatsuniya, sauran kowa ya ɗauki matsayin wani mai bincike: likita, ɗan jarida, malamin jami'a. Idan mai jan labari ya ce an ji motsi a ɗakin ƙasa, ɗan wasa ya ce zai laɓaɓa ya duba, dayis ne zai yanke ko an ji sawunsa.

Dayis ɗinsu masu fuska goma ne, guda biyu, ɗaya na gomomi ɗaya na ɗaiɗai, suna ba da lamba daga 1 zuwa 100. Idan gwanintarka ta laɓaɓawa 40 ce, ka ci idan ka jefa 40 ko ƙasa da haka. A bugu na bakwai na dokokin wasan, na 2014, aiki mai wuya sai ka sami rabin lambar, 20, mai tsananin wuya kuma kashi ɗaya cikin biyar, wato 8. Idan duhu ko wani abu na taimakonka, ana ƙara maka dayis ɗin gomomi ɗaya ka zaɓi wanda ya fi kyau. Faɗuwa sau biyu 60 cikin 100 ne sau 60 cikin 100, wato 36, don haka damarka ta tashi zuwa 64. Idan kuma yanayi ya juya maka baya, mafi muni za ka ɗauka, damar ta sauko 16.

Akwai wata doka da ta fi burge ni. Wanda ya faɗi yana iya cewa zai matsa ya sake jefawa, da sharaɗin in ya sake faɗuwa, mai jan labari zai sauke masa masifar da ta fi ta farko. Nan mutane ke ruɗar kansu, suna cewa ai jifa biyu 64 ne. A'a. Na farko ya riga ya tafi. Abin da ke gabanka 40 ne na tsira, 60 na bala'i. Manomin albasa a fadamar Wurno ya san wannan zaman: farashi bai yi masa ba a kaka, ya zuba ta a rumbu yana jiran tashin kasuwa, alhali ruɓa ma tana jira.

Tsoron wasan kuwa a lamba ɗaya yake zaune, lambar hankali. A ce taka 60 ce. Duk lokacin da ka ga abin da bai kamata ido ya gani ba, sai ka jefa. Tsallake sau ɗaya, kashi 60. Tsallake sau uku a jere, kusan kashi 22 kawai. Idan ka faɗi, a zaftare maka maki, jifa na gaba ya zama a kan 55 ko 50, faɗuwa ta ƙara sauƙi, zaftarewa ta ƙaru. A nan sa'ar gaba tana canzawa da gaske, amma takardar da ake rubuta makinka a kai ce ke riƙe da tarihin, dayis na nan yadda yake. Kuma ba a barin lambar hankali ta wuce 99 a cire abin da mutum ya sani game da dodannin, don haka kowane littafin asiri da mai bincike ya karanta yana rage masa rufin.

Wanda ya rasa maki 5 ko fiye a tashi ɗaya sai ya yi jifan basira, kuma a nan cin jifa shi ne asara: ya gane abin da ya gani, sai ya zauce na ɗan lokaci. Mai basira 80 ya fi mai 40 shiga wannan hatsari ninki biyu. Shi kuwa babban dodon, Cthulhu, ganinsa kaɗai yana cin maki 1 zuwa 10 ga wanda ya tsallake, 1 zuwa 100 ga wanda ya faɗi. Mai hankali 60 yana da kashi 40 na faɗuwa, sannan kashi 41 na a kwashe masa 60 ɗin gaba ɗaya. A ninka su, kusan 16 cikin 100 za su haukace har abada tun dodon bai ɗaga hannu ba.