Albasar Galmi: wa ke tsaron irinta?

Duk wanda ya bi babbar hanyar Ƙonni zuwa Madawa a lokacin girbi ya san Galmi tun kafin ya ga allo: buhunan albasa ne jere a bakin titi, manyan motoci na jiran lodi zuwa Abijan da Akara da Kwatano. Garin yana cikin ƙaramar hukumar Dogarawa, gundumar Malbaza, kuma sunansa ne ke kan irin da Turawa ke kira Violet de Galmi.

An taɓa kai ruwa rana kan wannan suna. A shekarun 2000 wani kamfanin iri na Senegal ya nemi hukumar OAPI da ke Yawunde ta ba shi haƙƙin mallakar irin, Nijar ta ce ba ta yarda ba. A 2021 hukumar ta yi wa albasar Galmi rajista a matsayin kayan yankinta, tare da kilishin Nijar. Sai dai takarda suna kawai take karewa. Irin kansa yana iya lalacewa ba tare da kowa ya sace shi ba.

Dalilin yana cikin halittar albasa. Galibi ba ta ba da iri sai an sake dasa kanta ta yi fure, kuma ƙudan zuma da ƙudaje ne ke ɗaukar garin fure daga wannan gona zuwa waccan. In maƙwabci ya shuka wata albasa daban, iri ya gauraya. Bayan ƴan shekaru launi ya kode, kai ya sauya siffa, albasar da aka sani da daɗewa a cikin rudu ta fara ruɓewa da wuri. Ga shi ƙwayar irin albasa ba ta jimre zafi. Shekara ɗaya ko biyu, tsirowarta ta ragu sosai.

A nan kayan bincike ke shigowa, kuma ba abin ado ba ne. Ana buƙatar ɗaki mai sanyi da ba ya rasa wuta don ajiye iri na asali, da rumfar raga da ke hana ƙwari kai garin fure, da ɗakin gwaje-gwaje inda ake ƙirga ƙwaya nawa cikin ɗari ke tsirowa, a kuma duba cutar da ke sa ruɓa a madubin ƙara girma. Sai filin gwaji, inda ake jera iri daban-daban a ƙasa ɗaya da ruwa ɗaya.

Nijar ba ta rasa cibiyoyi ba. Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai tana da tsangayar aikin gona da sashen nazarin halittu. Jami'o'in Tawa da Maraɗi, waɗanda aka kafa a 2010, suna koyar da ilimin noma. Cibiyar INRAN, mai aiki tun 1975, tana da tasha a Ƙonni, ita kuwa ICRISAT tana da rumbun adana iri a Sadore.

Matsalar ita ce nisa. Daga Galmi zuwa Yamai ya haura kilomita 400, Tawa ma tafiya ce. Manomin Dogarawa da ya sayi iri a kasuwa ba shi da inda zai kai shi a gwada kafin ya zuba a fadama, sai dai ya shuka ya gani. Jami'ar Tawa ce mafi kusa, kuma filin gwaji a Galmi, da ɗalibai ke kwana kusa da shi tun daga reno har ajiya, zai fi wa manoman amfani a kan wani sabon gini a babban birni.