Gasar Harbin Nesa: Na'ura Ta Karɓe Lissafi, Doka Ta Hana Ta Karanta Iska

Masuncin da ya saba shiga tafkin Kainji daga Yelwa ko Wara ba ya jiran kowa ya gaya masa iska ta juya. Fuskar ruwa yake kallo: inda ta kwanta luf, inda ta fara yamutsewa, inda ta yi duhu can wajen gungu. Kafin iskar ta iso jirginsa ya riga ya gyara zama. Irin wannan idon ne ake gwadawa a gasar harbin nesa, wasan da mutum ke kwanciya rub da ciki ya nemi samun da'ira mai faɗin faifan CD daga nisan yadi 1,000, wato mita 914. Kusan tsawon filin ƙwallo tara ke nan a jere.

Wanda ya ga hotunan masu wannan wasa, da madubin hangen nesa mai kama da turmi, da na'urori rataye a wuya, zai ɗauka mai kayan da suka fi tsada shi ke lashewa. Kuɗi na da tasiri, babu musu. Amma duk wanda ya zauna ya karanta dokokin zai lura cewa galibinsu kan tambaya ɗaya suke: wane aiki aka yarda na'ura ta yi, wane kuma aka ce dole mutum ya yi da kansa?

Sakan ɗaya da rabi a cikin iska

Harsashin .308, wanda ya fi yawa a wannan wasa, yana ɗaukar kusan sakan ɗaya da rabi kafin ya cinye yadi 1,000. A cikin wannan ɗan lokaci ƙasa tana janyo shi, ya sauko da kimanin mita tara. Ma'ana, bakin bindigar ba allon yake kallo ba, sama da shi yake kallo nesa ba kusa ba.

Wannan saukowar ba ta ba kowa tsoro yanzu, domin lissafi ce zalla. In an san gudun harsashi, da siffarsa, da zafin rana, da nauyin iskar wurin, manhaja za ta fitar da amsa kafin a ƙifta ido. Gudun harsashi ana auna shi da ƙaramar na'urar rada irin Garmin Xero C1 Pro, wadda ta fito a 2023, ba ta kai girman sabulun wanki ba. Zafi da danshi da nauyin iska kuwa aikin Kestrel ne, na'urar da ke shiga aljihu, mai ɗauke da manhajar Applied Ballistics ta injiniya Bryan Litz, kuma tana magana da waya ta Bluetooth. Duk wanda ya taɓa rubuta shirin kwamfuta zai gane abin: a raba tafiyar harsashi gutsi-gutsi, a lissafa jan ƙasa da turjiyar iska a kowane gutsure, a tara.

Matsalar ita ce iskar da ke bugowa daga gefe. Iska mai gudun mil 10 a awa, wadda ba ta wuce ta kaɗa riga ba, tana iya ture harsashin .308 da kusan mita biyu a wannan nisa. Kuskuren mil ɗaya kacal wajen ƙiyasta ta ya kai kusan taƙi guda a kan allo. Ga shi kuma Kestrel iskar da ke wurin da mai ita yake tsaye kawai take ji. Abin da ke faruwa a mita 500 ko 800, inda wata iskar ke iya tahowa daga ɗaya ɓangaren, ba ta da labarinsa.

F-Class: wasan da tsufa ya haifar

Tsarin da ya fi shahara a harbin yadi 1,000 shi ne F-Class. Harafin F daga sunan George Farquharson ya fito, wani ɗan Kanada da tsufa ya rage masa gani da ƙarfin hannu, ya nemi a bar irinsa su sa madubin hangen nesa, su kuma ɗora bindiga a kan matokara. Abin da aka fara don dattawa sai ya zama wasan kowa. An yi gasar duniya ta farko a Ottawa a 2002, kuma sau biyu ana kawo ta Afirka, a Bloemfontein ta Afirka ta Kudu, a 2005 da 2023.

Rukuni biyu ne. A F-TR harsashi iri biyu kawai aka yarda da su, .223 da .308, kuma bindiga da madubinta da ƙafafunta biyu kada su wuce kilo 8.25. A F-Open an sassauta: nauyi har kilo 10, ana ɗora gaban bindiga a kan matokara mai juyawa, mutum ya zaɓi harsashinsa matuƙar bai wuce iyakar girman da aka sa ba. A duka biyun dole a harba a kwance, gindin bindiga a kafaɗa. Ba a yarda a ɗaure ta a kan wani ƙarfe ta zama inji ba.

Allon faɗinsa ƙafa shida ne, amma inda ake nema ɗan mitsitsi ne. A tsarin Amurka da'irar maki 10 inci goma ce, kamar murfin kwanon sha, a cikinta kuma akwai ƙaramar da'ira mai inci biyar da ake kira X. Ƙasashen da ke bin dokokin ICFRA, ƙungiyar duniya mai kula da wasan, maki 5 suke ba babbar, ƙaramar kuma V suke ce mata. Ita ƙaramar ba ta ƙara maki, sai dai in an yi kunnen doki, wanda ya fi yawanta shi ne a gaba. A manyan gasa sau da yawa nan ake rabuwa.

Kowane zagaye harbi 15 ne ko 20. Kafin su, a dokar ICFRA, ana ba da harbin gwaji biyu, kuma in sun yi kyau mai harbi na iya cewa a ƙirga masa su. Wanda ya kuskure ya harbi allon maƙwabcinsa, ko da tsakiyar tsakiya ya samu, sifili ne. A wasu gasannin mutum shi kaɗai yake jera harbinsa cikin lokacin da aka yanka masa. A wasu kuma mutum biyu ko uku ke raba allo ɗaya, suna karɓa-karɓa, kowa da sakan 45. Wannan na biyun ya fi wuya, domin ba damar a jira iska ta lafa. In layi ya zo kanka, harbi za ka yi, ko da tutoci na tashi kamar ana hadarin farkon damina.

To, ga dokar da ta fi dacewa da wannan shafi. ICFRA ta haramta duk wata na'urar auna iska ta mutum a layin harbi. Kestrel ɗinka, komai tsadarta, a jaka za ta kwana. Abin da aka bar wa kowa shi ne tutocin da aka kafa a gefen fili, da kawalwalniya. Wanda ya taɓa hangen bakin tafki da azahar a watan Afrilu ya san yadda iska ke rawa a saman ƙasa mai zafi. Ta cikin madubi wannan rawar tana fitowa sarai: in tana tashi sama tsaye, iska ta tsaya, in ta karkata, ta fara motsi, in ta kwanta tana gudu kamar ruwan rafi, ta yi ƙarfi. Haka kuma ba mai raɗa wa wani amsa a gasar mutum ɗaya. Sai a gasar ƙungiya ne koci ke zama kusa da mai harbi, shi ke karanta iska, har ya miƙa hannu ya murɗa saitin madubi, shi kuwa mai harbi nasa ya ja kunama.

Allon da ke da kunne

A da, kuma har yau a filaye da yawa, akwai mutane a cikin rami a ƙarƙashin allo, bayan tudun ƙasa. Harsashi na wucewa su janyo allon ƙasa, su nemo hudar, su soka mata alama, su liƙe tsohuwar, su mayar da shi sama. Masu gasar kansu ne sukan yi wa juna wannan aiki, rabi na harbi rabi na rami.

Yanzu makirfo ya fara karɓe aikin. Harsashin da ya fi sauti gudu yana tafe da wata ƙara mai kama da tsawar bulala. Na'ura irin ShotMarker, wadda wani ɗan Kanada mai suna Adam MacDonald ya ƙera, tana da makirfo takwas, biyu a kowace kusurwar allo. Ƙarar ba ta isa gare su lokaci guda, kuma daga wannan bambancin ne ake gano inda harsashi ya ratsa. Sauti na cin milimita ɗaya a cikin kusan kashi uku cikin miliyan na sakan, don haka agogon na'urar sai ya kasance mai tsananin kaifi. Zafi ma na shiga lissafin: gudun sauti da ke kusan mita 340 a sakan a wuri mai sanyi, a zafin Yauri na digiri 40 ya kai kusan 355. Daga allo ana turo sakamakon ta rediyon LoRa zuwa wani ɗan akwati a layin harbi, shi kuma ya buɗe Wi-Fi nasa. Kowa ya shiga da burauzar wayarsa ya ga hudarsa, ba data, ba intanet. Aibinta ɗaya: in harsashi ya gaji ya koma ƙasa da gudun sauti kafin ya iso, makirfo ba ya jin komai.

Sai kuma wata rigima ta taso. Mutumin rami yana ɗaukar sakanni kafin ya mayar da allo, a cikinsu iska kan canja. Na'ura kuwa nan take take nunawa, sai masu wayo suka koma zuba harsasai da sauri kafin iska ta juya. Maganin da aka samo shi ne a sa wa manhajar jinkiri na 'yan sakanni da gangan. Mai rubuta manhaja da ya saba kwana yana neman rage rabin sakan zai ji abin banbaraƙwai, amma dokar ta yi daidai: ba don jinkirin ba, da gasar ta koma ta saurin yatsa.

Inda aka sakar wa na'ura mara, da inda aka ɗaure ta tamau

Precision Rifle Series, ko PRS, da aka fara a Amurka wajen 2012, ta bi wata hanyar. A nan Kestrel halal ce. Faranti na ƙarfe ake harbi, a nisa daban-daban, kowane samu maki ɗaya, alƙali na kallo ta madubi yana shelantawa. Abin da aka ƙwace wa mai harbi shi ne natsuwa: harsashi wajen goma cikin sakan 90 zuwa 120, yana tashi daga kan taya zuwa kan dutse zuwa jikin katako. Harsashi kada ya wuce girman .30, gudunsa kada ya haura ƙafa 3,200 a sakan, don kada a lalata farantan. An yi gasar duniya ta farko ta irin wannan salo a Bitche ta Faransa a 2022.

A ɗaya gefen akwai kakar su duka, Kyautar Sarki ta Ingila, wadda aka fara a Wimbledon a 1860, Sarauniya Victoria ce ta yi harbin farko, aka mayar da ita Bisley a 1890. Ba madubin hangen nesa a jikin bindiga, ba matokara, sai maɗauri a hannu, kuma harsashi iri ɗaya ake raba wa kowa. Ana tacewa a yadi 300, 500 da 600 har a rage mutum 100, su yi harbi 15 a yadi 900, wasu 15 a 1,000. Wanda ya ci a kan kujera ake ɗaukarsa a zagaya da shi. Marjorie Foster ta hau wannan kujera a 1930, ita ce mace ta farko.

A nan gida fa?

Gasar da ta fi kusa da wannan a Najeriya ta sojoji ce, ta ƙananan makamai da ake kira NASAC. Ta watan Maris 2017, zamanin Laftanar Janar Tukur Buratai, a cikin dajin Sambisa aka yi ta, 'yan watanni bayan ƙwace sansanin Camp Zero. Ga farar hula kuwa ƙofa a rufe take. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi uku: na toka, da kwamishinan 'yan sanda ke ba wa lasisi, na farauta da makamantansu, da ke hannun Sufeto Janar, sai haramtattu, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa. Bindigogin soja masu girman 7.62 na cikin rukuni na ukun, kuma .308 ɗin F-TR faɗinsa ɗaya da 7.62. A 2023 ma rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisi. Mutanen da suka ga abin da ya faru a kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri a Yuni 2021 ba sa buƙatar a yi musu bayanin dalili.

Ko da doka ta yarda, fili wani aiki ne. Harsashin .308 da ya tsallake allo na iya tafiya kusan kilomita huɗu, shi ya sa filayen gasa ke buƙatar daji ko dutse a bayansu, ba gona ba ƙauye. Bakin tafki shi ne wuri mafi muni, domin harsashi kan yi tsalle a kan ruwa, ga jiragen masunta da na 'yan kasuwa ko'ina daga Shanga har Ngaski.

Abin da matashin Yauri mai sha'awar lantarki zai iya taɓawa da hannunsa shi ne fasahar allon, kuma ba ta buƙatar bindiga ko ɗaya. Makirfo huɗu a kusurwoyin tsakar gida, ƙaramin allon kwamfuta irin ESP32, da tafi ɗaya a tsakiya sun isa a gwada gano inda sauti ya fito. Rediyon LoRa kuwa ya fi jin daɗin sarari irin na saman ruwa, inda ba gini ba tudu. A tseren jiragen bikin Rigata, irin wannan ɗan akwati zai iya kai sakamako daga inda aka ƙare zuwa wayoyin 'yan kallo a bakin gaɓa, ko da layin waya ya cushe saboda taro.