3.4 Gadon Launin Gashi a Kajin Bantam

Bantam wasu ƙananan kaji ne da suka samo sunansu daga tashar jiragen ruwa ta Bantam a tsibirin Java, ƙasar Indonesiya. Akasari don ado ake kiwon su, saboda haka launin gashi na cikin abubuwan da ke ɗaga darajar kaza ko su karya ta. Wannan fasali zai duba yadda 'yan tsaki ke gadon launin.

Sinadarai biyu ne tushen launin gashin kaza. Yumelanin shi ke ba da baƙi, fiyomelanin kuwa ja ko ruwan zinare. Ƙwayoyin gado su ke tsara yawansu da inda za su zauna a jikin gashi. Mendel ya buga ƙa'idojin gado a 1866, sannan a 1902 William Bateson ya nuna cewa suna aiki a kan kaji.

Misali na farko shi ne launin shuɗi-toka. Ƙwayar da ke kawo shi tana dusashe baƙi ne, amma rinjayenta bai cika ba. Ɗan tsakon da ya gaji guda ɗaya zai fito shuɗi-toka, wanda ya gaji biyu zai fito fari mai dabbare-dabbare, wanda bai gaji ko ɗaya ba zai fito baƙi. Idan aka haɗa zakara da kaza masu shuɗi-toka, ana sa ran kashi 50 cikin ɗari su yi kama da iyayensu, 25 baƙaƙe, 25 masu dabbare. Ke nan mai kiwo zai rasa rabin abin da yake nema. Amma idan ya haɗa baƙi da mai dabbare, dukkan 'yan tsakin shuɗi-toka za su fito.

Misali na biyu ya shafi jinsi. Zakara na da kuromosom ZZ, kaza kuwa ZW. Ƙwayar ruwan azurfa tana kan Z, kuma ta rinjayi ta ruwan zinare, launuka biyun da aka san kajin Sebright da su. Zakara mai zinare da kaza mai azurfa za su ba da mata masu zinare da maza masu azurfa, domin mace daga ubanta kaɗai take samun Z.

A taƙaice, kamannin iyaye kawai ba su isa hujja ba. Sai an san ƙwayoyin da suke ɗauke da su kafin a yi hasashen launin 'ya'yansu.