ƘARAMIN TANDERUN GWAJI: ABIN DUBAWA KAFIN A SAYA

Duk wanda ya taɓa ganin mai ginin tukwane ya buɗe tanderu da safe, ya tarar da aikin wata guda ya tsattsage, ko kuwa ruwan ƙyallin da ya shafa ya narke ya manne kofuna da inda aka jera su, to ba sai an gaya masa amfanin gwaji ba. Masu iya magana sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Wannan ne ya sa masu yin sana'ar a gidajensu, musamman waɗanda suka tashi daga gashin gargajiya suka koma yin kayan tangaran, sukan nemi ɗan ƙaramin tanderu domin gasa 'yan gutsattsarin yumɓu kafin su shiga babban aiki.

Dalili kuwa shi ne, gashin gargajiya da ake yi a fili da itace da ciyawa ba kasafai zafinsa yakan wuce digiri 900 ba, alhali tangaran mai ƙarfi yana bukatar digiri 1,200 zuwa 1,300. Jan yumɓun da ke ba da randa mai sanyin ruwa yana iya lanƙwashewa ko ya kumbura in ya sha irin wannan wuta, kuma ido ba ya gane haka sai an gasa.

A makarantar koyon ginin tukwane da Baturen Ingila Michael Cardew ya kafa a garin Abuja na da, wato Suleja ta yanzu, a farkon shekarun 1950, da yumɓu da duwatsun ƙasar nan aka riƙa haɗa kayan aiki, kuma sai da aka sha gwaji kafin a dace. Ita kanta Ladi Kwali, wadda ta shiga makarantar a 1954, kuma hotonta ke jikin takardar naira 20, da hannu ta ci gaba da gina tulunanta irin na Gwari, amma sai da aka sake haɗin yumɓun kafin su jure wutar tanderu.

Abu na farko da mai saye zai riƙe shi ne, ƙaramin tanderu shaida ne a kan abin da zai faru a cikin babba, shaidar da ta yi ƙarya kuwa gara babu ita. Saboda haka tilas ne zafinsa ya kai na babban, har ya ɗara. Wanda ke gashi a digiri 1,220 ya nemi wanda aka ƙera don ya kai 1,300, domin wayoyin da ke ba da zafi a tanderun lantarki sukan mutu da wuri idan kullum ana kai su maƙura. Ya kuma tambaya ko ana samun irin wayoyin a kasuwa, tunda ko ba daɗe ko ba jima sai an sake su.

Na biyu shi ne irin wutar. Tanderun lantarki yana gashi cikin wadatacciyar iska, na gas da na itace kuwa ana iya rage musu iska har harshen wuta ya riƙa zuƙe ta daga jikin tukwanen. Bambancin ba ƙarami ba ne, domin ruwan ƙyallin da aka sa wa jan ƙarfe yakan fito kore a tanderun lantarki, amma ya fito ja a na gas in an rage iska. Wanda babban tanderunsa na gas ne, ya kuma yi gwajin launi a na lantarki, to ya yaudari kansa.

Har ila yau akwai batun ita wutar lantarkin. Soket ɗin gida na yau da kullum ba ya ɗaukar fiye da kilowat 3, kuma gashi ɗaya yakan ci awa 8 zuwa 12. In aka ɗauke wuta ana gab da kai ƙololuwar zafi, gwajin ya tashi a banza. Wanda ba shi da tabbacin wuta, ko janareta mai ƙarfin da ya wuce na tanderun, ya fi masa ya nemi ƙaramin na gas.

Na uku, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne hucewa. Babban tanderu yakan kwana ya wuni bai huce ba, ƙarami kuwa cikin 'yan awoyi ya yi sanyi. Akwai ruwan ƙyallin da in ya huce a hankali yakan fito da laushi marar sheƙi, in kuwa ya huce da sauri sai ya fito yana walƙiya kamar gilashi. Don haka tanderun da ke da na'urar sarrafa zafi, wadda za ta iya saukar da shi sannu a hankali, ya fi wanda ba shi da ita, ko da ya fi tsada. Araha ba ta ado.

Game da girma, a nemi wanda zai ɗauki kofi biyu ko uku a tsaye, domin ba a gane ruwan ƙyalli mai zuba sai a jikin abin da ke tsaye. Kada kuma a dogara ga ma'aunin zafi shi kaɗai. Akwai 'yan tsinin yumɓu masu lamba, waɗanda Bajamushe Hermann Seger ya ƙago a 1886, da ke sunkuyawa in wuta ta gama aikinta. A sa lamba ɗaya a ƙaramin tanderu da babba, in sun sunkuya daidai, to an sami shaidar gaskiya.

Daga ƙarshe, komai ƙanƙantarsa wuta ce. A ajiye shi a kan daɓen siminti, nesa da bango da hannun yara, a wurin da iska ke ratsawa, domin hayaƙinsa yana da guba. Kuma mai sana'a ya tanadi littafi yana rubuta haɗin kowane gwaji da zafin da ya sha, saboda gwajin da ba a rubuta ba tilas a sake shi.